Fasto a Idon Maƙwabta: Bashi, Baiko da Ladabin Zama a Jega, Aliero da Maiyama



Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jega mutum sama da dubu 190, Maiyama sama da dubu 170, Aliero sama da dubu 60. Mutum fiye da dubu 400 ke nan tun a wancan lokaci, akasarinsu Musulmi, a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Kiristocin da ke cikinsu galibi zuwa suka yi: 'yan kasuwa, ma'aikata, mutanen ƙasar Zuru da Yawuri, da ɗaliban jami'ar Aliero wadda aka kafa a 2006. Mai awon hatsi a kasuwar Jega ba ya shiga majami'a, balle ya ji wa'azinmu. Abin da ya sani game da bangaskiyarmu shi ne yadda fasto yake biyan bashi, da yadda yake gaisuwa. Shi ya sa Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, ya sa shaidar waɗanda ke waje cikin sharuɗɗan mai kula da ikilisiya, tare da gargaɗi kan son kuɗi.

A kan kuɗin zan tsaya, domin nan ne muke faɗuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wannan ba a musu. Amma ku dubi yadda namu yake tafiya. Fasto ya aiki yaro shagon mai kayan masarufi: mudu biyar na shinkafa, kwalbar mai, a rubuta sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare, albashi bai zo ba. Fasto ya sake hanya don kada ya bi ta ƙofar shagon. Kafin a ankara takardar canjin wurin aiki ta iso, ya kwashe kaya da asuba. A littafin mai shago kuwa ba sunan mutum aka rubuta ba, "Fasto" aka rubuta, kuma wanda ya gaje shi zai gaji sunan da kunyar.

Laifin ba na fasto kaɗai ba ne, kuma ina so shugabanninmu na hedikwata su ji wannan da kyau. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar. Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli 2024. Ikilisiyoyi nawa ne suka sake duba abin da suke ba mai bishara a ƙauyukan Maiyama? Ana tura matashi mai mata da 'ya'ya inda masu sujada 'yan kaɗan ne, a ce ya ci daga baiko, sannan a jira shi da kason hedikwata kowane wata. In an kawo kuka, sai a kafa kwamiti. Kwamiti ba ya biyan mai shago.

Daga nan hannu yake kaiwa ga kwandon baiko. Ƙa'idar a fili take: bayan sujada ma'aji da dattawa biyu su ƙirga, a rubuta, a sa hannu, fasto kada ya taɓa ko naira ɗaya sai abin da aka ba shi a rubuce. Lokacin da aka sa hannu kan dokar kamfanoni ta CAMA a 2020, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi fatali da sashe na 839, wanda ya ba hukuma damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo. Na goyi bayan wannan matsayi. Sai dai wanda ya hana gwamnati duba littafinsa, dole ya buɗe shi ga membobinsa.

Sauran ladubba kun san su. A yi sallama a zaure, kada a kutsa gidan mutum. Kada fasto ya ziyarci matar aure shi kaɗai. A rage lasifika lokacin sallah, a bar cin abinci a bainar jama'a da azumi. In an yi rasuwa a unguwa, a je ta'aziyya a zauna kan tabarma.

Ina neman abu uku daga wannan taro na fastoci da shugabannin ikilisiya. A tsai da mafi ƙarancin albashin fasto, manyan ikilisiyoyin birni su tallafa wa na ƙauye wajen biyansa. Kada a ba kowa takardar canji sai dattawa sun tabbatar babu mai bin sa bashi a gari. Duk sabon fasto, dattijon ikilisiya ya raka shi gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi a makonsa na farko. Ina roƙon a rubuta su cikin sanarwar bayan taro, tare da sunan ofishin da zai aiwatar da kowanne da ranar da za a fara.