Jawabin Ma'aji a Taron Cikar Shekara: Ɓarnar da Ba a Gani Sai an Jima

Hajiya Shugaba, iyayena mata, 'yan uwa da kuka taso daga Tsafe da Bunguɗu tun da sassafe, da mu na nan Gusau, sannunku da zuwa.

Kun tuna ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024. Jami'an NEMA da na jiha sun je, sun ƙirga gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya shanye, aka kai agaji. Madalla. Amma wannan lissafin makon farko ne. Mu da Gulbin Sakkwato ya ratsa ta garuruwanmu mun san ba a nan ake tsayawa ba.

Ni mai riƙe da littafi ce, don haka a littafi nake ganin ambaliya. Akwai wata 'yar uwarmu, ba zan kama suna ba, da ruwa ya ci mata rumbu da bangon ɗaki. Watan farko ta yi zubinta cif, saboda kunya. Bayan wata huɗu ta sayar da akuyarta mai ciki. Da rani ya yi nisa, injin markaɗen ya bi bayan akuyar, 'yarta kuma ta bar makaranta ta ɗauki farantin talla. To, wa ya rubuta wannan? Ɗakin an gyara, an ma shafe shi da siminti, duk mai wucewa cewa zai yi ta farfaɗo.

Kakanninmu ba su manta irin wannan ba. Yunwar 1914 har suna suka sa mata, Kakalaba, kuma dattawan da suka ga farin 1973 za su gaya muku gidajen da har yau ba su sake tara shanu ba.

Roƙona ɗaya ne. A ba Sakatariya izini ta buɗe shafi na musamman. Duk wadda ruwa ko fari ya taɓa, mu ziyarce ta bayan wata shida, bayan shekara, da bayan shekara biyu. Mu tambaya a asirce: sau nawa ake ɗora tukunya? Jarin yana nan? Yara na zuwa makaranta? Nawa ne bashi a kanta, kuma tana iya barci in hadari ya haɗo?

Wadda shafin ya nuna ba ta miƙe ba, a ɗaga mata biyan rance ba sai ta buɗe baki ta roƙa ba. Hajiya Shugaba, ina so a yanke wannan yau, kafin a raba abinci.