Akwatin 2037: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwanakin baya na tambayi wani yaro ɗan aji uku a makarantarmu wane ne ke kwance a hubbaren Wurno. Ya ce wani waliyyi ne, iyakar saninsa ke nan. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina sai a jami'a na san cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a garin a 1837, kuma matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka can a 1853, zamanin Aliyu Babba. Malamanmu na tarihi su yi mini afuwa, sun koyar, mu ne muke gyangyaɗi.

Ga shawarar da na zo da ita. Akwai wani wasa da ya samo asali a Amurka a shekarar 2000, lokacin da wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti cikin daji, ya sanar da lambobin wurin, ya ce mai na'urar GPS ya nemo. Yau kusan kowace babbar waya tana wannan aikin. Wasu sukan sa kacici-kacici a gaba, sai ka warware kafin lambobin su fito. Wanda ya gano ajiyar ya rubuta sunansa, ya mayar da ita inda take.

Mu shirya wa ƙannenmu irinsa. A ce musu, wace shekara aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah? In sun ce 1934, su sami lamba ta farko. Ta biyu tana wajen tsofaffin Goronyo, waɗanda suka ga aikin dam ɗin da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984. Abin da nake so ke nan, yaro ya durƙusa gaban dattijo ya yi tambaya. Saboda halin tsaro, kada a fita daji. A tsaya cikin gari, malami na tare da kowane rukuni, da iznin hakimai.

Lambar ƙarshe ta dawo da su harabar makaranta, inda za mu binne akwati. Mu sa wasiƙun ɗalibai, da hotunan malamai, da farashin mudun shinkafa da buhun albasa na bana. A liƙe shi sosai, a kan tudu, don ba mu manta ambaliyar 2010 ba. A buɗe shi a 2037, shekara 200 cif da rasuwar Bello.

Ina roƙon Shugaba ya naɗa mutum biyar kafin mu tashi. Kuɗin siminti da akwatin na ɗauka.