Tsayuwar Jiki da Horar da Ita: Lacca kan Ƙasar Damargu

Mutum ko ya tsaya cik, jikinsa na ɗan rangaji gaba da baya, ƙwaƙwalwa kuma tana ta gyara shi da labarin da ke zo mata daga wurare uku: ido, cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi. A can cikin kowane kunne akwai ƴan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke jin juyawar kai, da ƴan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi da ke jin karkata. Binciken wannan sashe na kunne ne ya samo wa Robert Bárány kyautar Nobel ta 1914.

Ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar ukun nan daidai wa daida. A kan daɓe mai tauri tafin ƙafa ke da rinjaye. A rairayi kuwa, irin wanda ya kewaye garuruwan Tanut da Belbeji na Damargu, ƙafa na nutsewa, labarinta ya raunana, sai a jingina ga ido da kunne. In dare ya yi, ko ƙurar hunturu ta rufe gari, nauyin ya koma kan kunne. Babban amfanin horo a nan yake: yana koya wa ƙwaƙwalwa saurin sauya abin dogaro, ya kuma sa tsokokin ƙwauri da na ƙugu su amsa kafin jiki ya kai ƙasa.

Mutanen Damargu suna samun wannan horo tun suna ƙanana. Yarinya ta taso daga rijiya da tulu bisa gammo, wuya a miƙe, ido a gaba, ruwa na motsi a ka, ƙafa na neman wurin takawa ba tare da an duba ƙasa ba. Mahayin raƙumi ya san yadda raƙumi ke wurga shi gaba sannan baya lokacin tashi, jikinsa ya riga ya shirya. Ɗan kokowa kuma ya ware ƙafafu, ya durƙusa kaɗan, don kada a raba shi da ƙasa.

Abin damuwa shi ne tsufa. Yanar ido na rage gani, ciwon suga na kashe jin tafin ƙafa, dattijo kuma ya daina aikin da ke horar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutane wajen 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. A Niyuzilan, shirin Otago na motsa jikin tsofaffi a gida ya rage faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Horon ba ya cin ko dala: tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango, tafiya dunduniya na taɓa yatsu, tashi daga kujera ba a dafa ba. Ya kamata ma'aikatan gidajen likita na Tanut da Belbeji su riƙa koya wa dattawa waɗannan, a yi sau uku a mako, da wani a kusa.