Jawabi: Kafin Mu Raba Keken Guragu



Ƴan uwa matasa, da yawanku kuna son ƙungiyarmu ta fara samar wa naƙasassu kayan taimako: keken guragu, sandar makafi, na'urar ji. Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma niyya kaɗai ba ta isa ba.

Keken da ba a auna shi da jikin mai shi ba, gyambo yake jawowa a mazaunai, gyambon kuma yana kisa. 

To, me za mu yi? Na farko, mu kammala takardun ƙungiya a ma'aikatar cikin gida. Na biyu, mu tura masu walda da telolinmu su koyi awo da gyara wurin ma'aikatan lafiya. Na uku, mu zauna da ƙungiyoyin naƙasassu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu tun 2008. Wannan haƙƙinsu ne, ba alfarma ba.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.