Mugun Abokin Zama A Ɗakin Haya: Yadda Ake Fita Ba Tare Da Cin Amana Ba

  

Maganarmu ta yau a kan ɗakin haya ce. Duk wanda ya san Magamar Jibiya ya san irin zaman samarinmu. Direbobi ne da 'yan dako da 'yan canji, wani daga Katsina, wani daga Ɗan Isa ko Maraɗi, a haɗa kuɗi a kama ɗaki na shekara. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A wannan tsakani sana'ar mutane da yawa ta tsaya, wasu suka faɗa fasa-ƙwauri. To sai ka wayi gari abokin zamanka ya mayar da ɗakinku ma'ajiyar jarkokin fetur ko ƙwayar Tramadol. Ranar da Kwastan ko jami'an NDLEA suka dira, da wanda suka tarar za su fara. Fetur kuwa in ya kama da wuta, bai san mai shi ba.

To, sai ka naɗe tabarmarka cikin dare ka gudu? A'a. Haya yarjejeniya ce mai ɗaure kowane ɓangare, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umurni ce da cika alkawari. Mai gida bai yi maka laifin komai ba, in da sauran kuɗinsa a kanka, suna nan a wuyanka. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, fasiƙancin ɗan haya ba ya warware haya. Hana shi ake yi, in ya ƙi bari, alƙali ya fitar da shi, ya ba wani hayar wurin a madadinsa. Kun ga ke nan mai ɓarna ne ya kamata ya fita.

Saboda haka ka fara da nasiha tsakaninka da shi. In bai ji ba, ka maimaita a gaban mutum biyu masu mutunci, domin su ne shaidunka gobe. Daga nan ka je wajen mai gida ka gaya masa gaskiya, don gidansa ne ke cikin hatsari. In ba zai iya fitar da mutumin ba, ka nemi abin da malamai suke kira iƙala, wato ku warware yarjejeniyar da yardar juna, ya riƙe kuɗin watannin da ka zauna, ya maido maka sauran. In ya ce ya riga ya kashe kuɗin, shari'a ta ba ka damar sa wani a gurbinka, muddin zamansa bai fi naka cutar da gida ba. Amma ka ji tsoron Allah, kada ka ɓoye masa halin wanda zai tarar a ɗakin, wannan algus ne. In duk ya faskara, ga mai unguwa, ga kotun shari'a.

Ku masu gidaje, kada son kuɗin shekara ya rufe maku ido, ku sauƙaƙa wa wanda ya zo yana neman tsira da mutuncinsa. Ku kuma samari, kafin ku haɗa kuɗi da mutum ku bincika sana'arsa, sannan a rubuta sunan kowa da abin da ya biya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Allah ya haɗa mu da abokan zama nagari, ya ciyar da mu halal.