Bindiga a Kundin Tsarin Mulkin Amurka: Haƙƙin Wa?



Da labarin wani mai gadi zan fara. Sunansa Dick Heller, yana tsaron wani ginin gwamnatin tarayya a birnin Washington. Da rana bindiga na ƙugunsa da yardar hukuma. In ya tashi aiki kuwa, dokar birnin da ta fara aiki a 1976 ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Ya nemi rajista aka hana shi, sai ya kai ƙara, har magana ta isa Kotun Ƙoli.

Duk wannan ja-in-jar a kan jimla guda ce, wato Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791. Farkonta na maganar mayaƙan sa-kai masu tsari da ƙasa mai 'yanci ke buƙata don tsaronta. Ƙarshenta ya hana a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa. To, wanne ke jan wani? A shari'ar Miller ta 1939 kotu ta karkata wajen mayaƙan. A 2008, a shari'ar Heller, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Antonin Scalia ya ce haƙƙin na kowane mutum ne don kare kansa a gidansa, Mai shari'a John Paul Stevens kuwa ya ce na aikin mayaƙa ne. Ƙuri'a ɗaya tak ta raba gardamar, kuma Scalia da kansa ya yarda ana iya hana manyan masu laifi riƙe bindiga, a kuma hana shiga da ita makaranta.

Ba na raina hujjar masu cewa haƙƙi ne. Otis McDonald, wanda shari'arsa ta 2010 ta sa haƙƙin ya ɗaure jihohi da birane, dattijo ne baƙar fata a Chicago, ya haura saba'in, ɓarayi sun sha fasa masa gida. Wanda ke da ɗan uwa a Zamfara ya san irin wannan kwanan zullumi, kuma kun tuna a Yunin 2022 gwamnatin jihar ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Sai dai a Najeriya izini ne da hukuma ke bayarwa, tsarin mulkinmu bai kira shi haƙƙi ba.

Inda na raba hanya da kotun shi ne shari'ar Bruen, a wannan watan na Yunin 2022. Mai shari'a Clarence Thomas ya ce dokar taƙaita bindiga ba za ta tsaya ba sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar ta tarihi. Jama'a, bindigar 1791 'yar uwar harba-ka-ruga ce ta maharbanmu: a ɗura albarushi, a danna, a harba sau ɗaya, a sake ɗurawa. Wata guda kafin hukuncin, wani matashi ya shiga makarantar firamare a Uvalde ta jihar Texas, ya kashe yara 19 da malamai biyu. Ta yaya za a auna makamin da ya riƙe da ma'aunin wancan zamani? Wannan ya tsaya mini a rai.

Kotun ma ta ɗan ja da baya. A 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai takwas suka yarda a ƙwace bindiga daga wanda kotu ta tabbatar barazana ne ga abokiyar zamansa. Thomas kaɗai ya ƙi.

A 2018, bayan ya yi ritaya, Stevens ya yi kira a soke gyaran ɗungurungum. Hakan na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar jihohi 38 cikin 50, a ƙasar da bindiga ta ci rayuka fiye da 48,000 a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu da hannunsu suka harbe kansu.