Dutsen Kunnen Kifi da Awon Ƙonuwar Abinci a Jikinsa



Kifi yana ƙona abinci a jikinsa da iskar oksijin domin ya sami ƙarfin iyo, girma da hayayyafa. Saurin wannan ƙonuwa shi ne ma'aunin tsadar rayuwarsa. Mafi yawan kifaye kuwa zafin jikinsu na bin zafin ruwa ne. Idan ruwan ya ƙaru da digiri 10, bukatarsu ta oksijin takan kusa ninkawa.

Tsohuwar hanyar awo ita ce a sa kifi cikin rufaffen mazubi, a duba yawan oksijin da ya ragu a ruwan. A 1964 J. R. Brett na ƙasar Kanada ya auna kifin salmon ta haka, yana iyo cikin bututu. Amma kifin mazubi ba ya farauta, ba ya gudun abokan gaba, awon kuma na ɗan lokaci ne.

Maganin wannan matsala yana cikin kan kifin. Akwai wasu 'yan duwatsu a kunnensa waɗanda ke girma muddin ransa. A 1971 Giorgio Pannella ya nuna cewa kowace rana sabon sawu yakan hau kansu, abin da ya hau kuwa ba ya gogewa. Sinadarin kabon da ke cikin dutsen daga wuri biyu yake, watau ruwan teku da abincin da jiki ya ƙona. Na abinci yana da ƙarancin nau'in kabon-13. Saboda haka duk sawun da aka tarar kabon-13 ya ragu a cikinsa, ya nuna lokacin da jikin ya yi aiki tuƙuru ke nan. A 2019 Ming-Tsung Chung da abokan aikinsa suka gwada wannan awo da na oksijin a kan kifin kod, wanda busasshensa ke zuwa kasuwannin Nijeriya daga Norwe, suka daidaita su. Yanzu idan aka karanta dutsen daga tsakiya zuwa gefe, sai a ga tarihin kifin tun daga ƙuruciya har tsufa.

Tekuna suna ƙara ɗumi, ruwa mai ɗumi kuma bai riƙe oksijin kamar mai sanyi, alhali a lokacin ne kifi ya fi bukatarsa. Hukumomin da ke ƙayyade yawan kamu suna bukatar sanin kifin da zai jure da wanda zai ƙaura, kafin masunta su jefa taru su ɗago shi wayam.